Baƙon da Bai Taɓa Zuge Jakarsa Ba

Ta gilashin ƙofar otal Baba Direba ya ga komai. Yana cikin tasinsa yana jiran fasinja, sai ga wani saurayi rataye da jakar sandunan wasan golf ya tsaya gaban teburin karɓar baƙi, inda autarsa ke aiki. Ya yi tambaya, ta ɗago kai, sai kallo ya sarƙe.

Baba ya daɗe yana ɗaukar masu irin wannan jaka: su zo gari, su cika 'yar mutane da alkawari, jirgi ya kwashe su.

Can sai saurayin ya faɗo tasin, bai san motar wa ya shiga ba.

"Baba, filin golf na bakin tafki za mu. Wata mai kirki ta ce ciyawarsa kamar darduma, iska ce kawai matsalarsa."

"Mai kirki ko?" in ji Baba, yana harararsa ta madubi.

Kashegari ma Baba ya kai shi filin kan tudu, wanda Auta ta ce sai gwani. Bayansa tsohon filin gefen gari, mai inuwa. Ko'ina suka je Baba sai ya laɓe ya leƙa. Yaron bai taɓa zuge jakar ba. Gindin bishiya yake samu, yana latsa waya yana murmushi.

A gida kuwa ya tsinkayo Auta tana karanta wa mahaifiyarta saƙon saurayin:

"Jagorata, filin yau ya yi kyau, amma bai kama ƙafar wadda ta kwatanta shi ba. Gobe ina za ki tura ni?"

"Me kika ce masa?" in ji Mama.

"Na ce: Baƙona, filayen sun kusa ƙarewa, ka fara neman wata tambayar."

Baba ya banko labule. "Ɗan damfara ne! Biri ya yi kama da mutum. Ga ɗan maƙwabcinmu mai shagon magani, mun san gidansu. Wannan gobe ya ɓace, wa zan kama?"

Idon Auta ya kawo ruwa. Mama ta ce, "Malam, kai da ka zo nemana ba keken aro ka hau ba?"

Bai kula ta ba. Da shi da saurayin suka isa fili na gaba, sai ya fito ya zuge jakar da kansa, ya ajiye ƙwallo a ƙasa.

"Buga in gani."

Saurayin ya kai duka, ya sari iska. Ya sake, ya ɗebo ciyawa har da saiwa. Ƙwallo na nan ko gezau.

"Ni ne uban mai kirkin. Kai wane ne?"

Nan take ya durƙusa. "Baba, ka yafe ni. Mai gyaran lif ne ni, wato na'urar hawa bene, kamfani ya dawo da ni garin nan da zama. Jakar ta ogana ce, ajiya ya ba ni. Da na gan ta sai bakina ya mutu, jakar ce ta samo mini abin faɗa."

Baba ya kira Auta a waya. "Kin san ƙarya yake miki?"

"Tun ranar farko, Baba. Tambayata ya yi yaushe ake tafiya hutun rabin lokaci a golf, sai ka ce ƙwallon ƙafa."

Dariya ta so ƙwace wa Baba, ya danne. Sai da ya je kamfanin da ƙafarsa, ya ga saurayin cikin kayan aiki, hannu duk baƙin mai, ya ga ɗakin da ya kama haya, sannan ya ce, "Ka turo manyanka. Jakar nan kuma ka mayar wa mai ita."

Ranar auren, Baba ne ya tuƙa su. Ya ɗaga ido ya dubi madubi kamar yadda ya saba, ya ga ango yana gyara wa amarya mayafi. A hankali ya kai hannu ya karkatar da madubin gefe.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya," ya ce.