Nomau Mai Aurar da Wake

Wai an yi wani gari inda ba a noman komai sai alkama. Akwai wani saurayi, Nomau, wanda ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Da ya dawo daga yawon shekara bakwai, sai ya tarar sanyi ya daina daɗewa, alkama ta ƙi, rumbun kakarsa ya kusa ƙarewa.

Ya shuka wake iri biyu, mai saurin nuna da mai jure fari, don ya haɗa su su ba da iri ɗaya mai halin duka biyun. Kullum da sassafe sai ya tsuguna, ya ɗebi garin furen wannan ya shafa wa wancan.

Kakarsa ta ce, “Angona, kai ba ka yi aure ba, kana aurar da wake?”

Damina ta farko ya sami ƙwaya tara. Ya ɗaure jakar tafiya zai bar garin, ya fasa, ya kwance ta. Damina ta biyu ya sami ƙoƙo ɗaya, akuya ta cinye rabi. Ya sake ɗaure jaka, ya kwance ta.

A damina ta biyar rumbu ya cika. Kaka ta ci alale har ta kasa tashi, ta ce, “Madalla, angona. Saura gyaɗa.”

Nomau ya riƙe kai. Washegari aka gan shi a tsugune gaban furen gyaɗa.