Akwatin da Ya Ɓace Ana Sallar Juma'a

Ƙarfe uku saura kwata, mutane suna dawowa daga masallacin Juma'a, wata budurwa ta faɗo ofishin 'yan sanda na Anka tana haki, takalmanta duk laka. Sunanta Muhsina. Ita ke kula da kwamfutocin Ƙungiyar Tsare Goyo, masu gwajin jinin yara da ƙasar gidaje saboda gubar dalma. Ta ce ta je gida cin abinci, ta dawo ta tarar an ɗauke akwatin ajiyar bayanansu.

Sufeto Rabe Magaji ya tambaye ta abin da ke ciki.

"Sakamakon gwajin yara dubu takwas, Yallaɓai. Litinin likitoci za su zo su zaɓi waɗanda za a fara ba magani."

Bai ƙara tambaya ba, ya suri hularsa.

A ɗakin kwamfuta ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Kwamfutocin hannu uku na kan tebur, manyan kwamfutocin da suke kira saba suna ta gurnani a lungu. Wuri ɗaya ne kawai ya zama fili, an zare wayoyinsa a tsanake an jera su gefe. Sufeto ya ce wannan ɓarawon ya san abin da ya zo ɗauka.

Muhsina ta yi masa bayani. Saba ɗaya gare su da, yanzu uku ne, duk sun cika da hotuna da sakamako. Ta yi wata guda tana neman mafita. Ajiya a intanet ba za ta yiwu ba, don netwok ɗin Anka yakan ɗauke kwana biyu. Wani ɗan kasuwa daga Gusau, Lirwanu, ya kawo musu na'ura mai tsada wadda solarsu ma ba za ta iya ɗauka ba. Sai ta zaɓi ɗan akwati mai faifai huɗu, wanda ko faifai ɗaya ya mutu bayanai ba sa ɓacewa. Lirwanu ya fita yana faɗa.

"Kwafi fa? Babu ko ɗaya?"

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya, idanunta na ƙyalli. Saboda arhar akwatin, biyu ta saya, iri ɗaya. Na biyun yana ofishinsu na Gummi, kuma duk sanda netwok ya samu na Anka yakan tura masa kwafi kaɗan-kaɗan. Makon jiya ta haɗa su, tana jiran taron Litinin ta sanar. Abin da ba ta sani ba shi ne ko kwafin ya gama tafiya.

"Kada ki faɗa wa kowa," in ji Sufeto yana murza hannuwa. "Ko Innarki."

Ya fara da Makau maigadi, wanda ya rantse bai motsa daga rumfarsa ba tun hantsi.

"Ƙarfe nawa aka yi ruwa?"

"Wajen ɗaya da rabi."

"Kana cikin rumfa, amma kafaɗarka jiƙe take, ga jar laka har ƙwauri?"

Makau ya sunkuyar da kai. Ya amsa cewa masallaci ya tafi, amma ya kulle ƙofar gidan da kwaɗo, kuma a kulle ya same ta. Ban da shi, ma'aikatan fili huɗu ne ke da makulli, saboda babura da suke fita da su ƙauyuka.

Lirwanu kuwa a waya ya ce yana Gusau. Sufeto ya ji muryar ɗan kamasho yana kiran fasinjan Gummi a bayansa, muryar da kowa ya sani a tashar Anka. Minti goma sai ga Sufeto a gabansa a tashar. Lirwanu ya dabarbarce, ya ce ya zo ne ya roƙi ƙungiyar ta sake duba kayansa, ya tarar da ƙofa a kulle, kuma ya ji tsoron a laƙa masa satar.

"Mi zan yi da wanga akwati, Yallaɓai? Da ni ne, kwamfutocin hannu zan kwasa."

Amma ya ga wani abu. Yana fakewa ruwa ya hangi babur ɗin ƙungiyar ya fito, da kwali ɗaure a baya, mai shi sanye da hular kwano, ya miƙe hanyar Dareta.

Asabar da sassafe Sufeto da Muhsina suka kama hanyar Gummi a motar sintiri. Tun daga mahaɗar Bukkuyum take addu'a. Da suka isa ta kunna kwamfuta, sai ta miƙe tsaye ta daki tebur. Komai ya iso, har sakamakon jinin da aka shigar jiya da safe.

Ba shi kaɗai ya iso ba. Akwatin Gummi ba ya yar da tsohon kwafi, don haka ya nuna cewa ranar Alhamis an goge gwajin ƙasar wani gida daga saba, da lambar sirrin da ma'aikatan fili ke amfani da ita tare. Gidan yana wani ƙauye bayan Dareta, dalmar da ke tsakar gidan ta ninka ta ko'ina. Sunan mai gidan Naziru Jabiru.

Sufeto ya nemi sunayen ma'aikatan huɗu. Na uku a jerin shi ne Halilu Jabiru.

"Zare akwatin nan," ya ce. "Da shi za mu koma."

Da la'asar ya tara su huɗun a ofishin Anka. Ya tambayi Halilu inda yake jiya da azahar, ya ce yana sahun gaba a masallaci. Sufeto ya gyaɗa kai, ya ce to albishirinsu, an samo kayan. Ya yaye zanen da ya rufe akwatin Gummi, wanda aka ɗan shafa wa laka a gefe.

Uku suka hau hamdala. Halilu ya ja da baya har ya ture kujera.

"Ba ya yiwuwa. Ramin nan cike yake da ruwa, wa ya shiga..."

Ya kama bakinsa.

"Wane rami?" in ji Sufeto a hankali. "Ni ban ce rami ba."

Halilu ya zauna a ƙasa. Ya ce Naziru wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya yi masa karatu. Naziru yana niƙa dutsen zinare a cikin gida a ɓoye, kuma in rahoton ya fita za a rufe injin a kama shi. Shi ya sa Halilu ya goge sakamakon ranar Alhamis, sai ya tuna akwatin yana riƙe da kwafi. Shi ne ya ɗauko makullin ɗakin daga durowar shugaban ƙungiyar, ya kai akwatin wani tsohon ramin haƙo ya jefa.

Muhsina ta juyo masa da kwamfuta. Ta ce ya karanta sunan farko a jerin yaran da jininsu ya fi gurɓata, sakamakon jiya da safe.

Ya karanta. Ummukulsum Naziru, shekara uku.

Ya daɗe yana kallon sunan. Ya ce shi ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, kuma wallahi bai san sakamakonta ya fito ba. Da Sufeto ya fito da ankwa, da kansa ya miƙa hannuwansa.

A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwayo ga Muhsina, ya roƙe ta kada a jira Litinin.

Sufeto ya tura shi bayan mota, ya rufe. Sannan ya ce da direba ya sha mai, don da gari ya waye za su je su ɗauko yarinyar.