Sunan da Auta Ya Rubuta a Fom

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta, gari ya waye da yayyafi. Malama na ɗaki tana duba littattafan 'yan ajinta aka yi sallama. Sojoji biyu ne, ɗaya riƙe da koriyar jaka, ɗaya da ambulan.

"Ke ce Malama? Sai haƙuri. Sunanki marigayi ya rubuta a fom, cewa ke za a fara sanarwa."

Kalmar "marigayi" kawai ta ji, biro ya suɓuce mata.

Auta, saurayinta, sojan ƙasa ne, shekararsa ashirin da uku. Da can rediyo yake gyarawa a bakin titi. Ranar da ya aiko neman aurenta, Baba ya ce shi ba zai ba mai wasa da waya 'yarsa ba, ya je ya nemo aiki na gaske. Bayan wata biyu Auta ya shiga soja. Tun daga ranar Innarsa ta daina amsa gaisuwar Malama, ta ce ita ta tura mata ɗa bakin bindiga.

Sojojin suka ce an yi masa sutura can bakin daga. Suka bar mata jakar da takardar karɓar kaya, suka ce ta sa hannu ta aika ta gidan waya.

Baba ya sunkuyar da kai. "Bari yayanki ya kai wa Innarsa jakar. Matar nan ba za ta raga miki ba."

"Ni ya ɗora wa, Baba. Ni zan je."

Inna na ganin jakar ta gane. Ta dafe bango.

"Kin ƙarasa shi? To, hankalinku ya kwanta, ke da ubanki! Ko mutuwarsa ma sai ta biyo ta hannunki? Fita!"

Malama ta ajiye jakar ta fita. Washegari ta dawo, ta share tsakar gida, ta cika randa, ta ajiye maganin hawan jinin Inna kusa da filo. Ba a ce mata sannu ba. Haka ta yi ta yi har sati uku, takardar kuwa na cikin jakarta ba sa hannu. Ta kasa rubuta sunanta a gurbin da take ganin na uwa ne.

Wata safiya ta tarar an buɗe jakar. Ga takalmansa na soja, ga ƙaramar sukundireba da bai taɓa rabuwa da ita ba. Inna ta miƙo mata wata takarda ba tare da ta dube ta ba.

"Idona ba ya gani. Karanta, kuma kada ki rage komai."

Malama ta karanta:

"Inna, idan wannan ta iso, kada ki yi fushi don na sa sunan Malama. Na san hawan jininki, ban so ki buɗe ƙofa ki ga kaki. Na zaɓi wadda ko kin kore ta za ta dawo. Kuma ba wanda ya tura ni, ni na kai kaina. Malama, rediyon Inna ba lalacewa take yi ba — batir take sawa a juye, kada ki gaya mata ni na faɗa."

Inna ta yi wata dariya da ta ƙare da kuka.

"Ja'iri! Har a can bai bar ni ba." Ta kamo hannun Malama. "Kullum ina jin tsintsiyarki, ina so in ce sannu, baƙin ciki ya hana ni. Ki yafe ni, 'yar nan."

Mai raɗaɗi yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma sau da yawa na kusa ne ke sha. Wanda ya daure bai rama ba, shi ake jingina da shi daga baya.

Malama ta fito da takardar karɓar kayan, ta rubuta sunan Inna, Inna ta dangwala yatsa.

"Ƙara naki a ƙasa. Ki sa 'yata."

Da hantsi suka tafi gidan waya tare, lema ɗaya. Malama ta manna kan sarki, Inna ce ta jefa wasiƙar a akwati.