Abin Da Ya Hana Ni Zuwa Ranar Asabar

"Umma na ƙasa... ta ce sai ta ga abin da ya fi ta muhimmanci."

Na ajiye kwalbar gwajin da ke hannuna, na juya.

Malam ne tsaye a ƙofar ɗakin bincikenmu, malamin lissafin da ya shekara yana neman aurena. Ranar Asabar ya kamata in je gaishe da mahaifiyarsa. Ban je ba. Akwatin da ke ɗumama ƙwayoyin zuciyar ɓeran da nake reno ya lalace, na tsaya ceton aikin shekara biyu. 'Yar ƙanwar Umma kuwa, wadda ta daɗe tana son Malam, ta kai mata cewa na fifita ɓeraye a kan suruka. Tun ranar Umma ta ce a bar maganata.

"Kwantar da hankalinki, masoyiya," ya ce, alhali shi ma gumi yake.

Umma ta shigo tana haki, ta amsa gaisuwata a daƙile.

"Ina abin?"

Na ja mata kujera gaban madubin ƙara girma, na sa farantin ƙwayoyin a ƙarƙashinsa. Ta ɗora ido.

"Motsi yake! Ba mutum, ba komai?"

"Naman zuciyar ɓera ne, Umma. Kowace ƙwaya na da ƙananan ƙofofi. Sinadarin kalsiyam ya shiga ta nan, sai ta matse. Akwai kuma wani sinadari, kinas muke ce masa, shi ke ƙara buɗe ƙofofin idan mutum ya firgita ko yana hawa bene."

Na ɗiga maganin da ke tada shi. Ba a jima ba bugun ya ƙara ƙarfi da sauri.

"To wancan farantin fa?"

"Na zuciyar da ta gaji ne."

Na sa shi a ƙarƙashin madubin, na ɗiga masa shi ma. Da ƙyar bugun ya canza.

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, idonta ya cika.

"Haka na babansu ya yi... Matakala huɗu sai ya zauna. Ni kuwa ina ta yi masa tsiya, wai ragwanci ne."

"Ba ragwanci ba ne, Umma. Ƙofofin ne suka daina amsa kira. Dalilin nake nema."

Wallahi tausayinta ya kama ni har na manta tsoron da nake ji. Malam ya juya yana karanta takardar bango, kamar yau ya fara ganin rubutu.

Ta share ido da gefen mayafinta.

"Kullum ake ba ƙwayoyin nan abinci?"

"Bayan kwana bibbiyu."

Ta harari ɗanta.

"Kai da lissafi, sai ka zauna ka lissafa. Ka sa ranar auren a ranar da ba a ba su. Ba zan zauna jiran 'yata sau biyu ba."