Kwaltar Magariba

Abin ya faro ne da yoyo. Mai Kwalta, kamar yadda kowa ke kiransa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana toshe rufin gidajen mutane, amma nasa rufin, shimfiɗaɗɗen kankare mai ɗauke da manyan injinan sanyaya ɗaki, yana ɗiga daidai kan gadon 'yar autarsa. Matarsa takan ce, "Kai kam, rufin kowa ya san ka ban da namu."

Ranar da gorin ya ishe shi, rana na shirin faɗuwa ya hau. Ya share indararo, ya leƙa ƙarƙashin injin, ya ga wata tsaga mai danshi inda ruwan injin ke taruwa. Ya dafa kwalta a bokiti har tana ɓararraka. Matar ta ɗaga murya daga ƙasa: "Baban Auta, magariba ta yi, bar shi sai gobe!" Ko bisimilla bai yi ba, ya juye bokitin a cikin tsagar. Wani abu ya yi ƙara, siririya kamar ta ɗan kyanwa. Sai shiru.

Washegari da almuru tsakuwa ta fara sauka a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, kowace da zafinta kamar daga murhu aka ciro ta. Injinan suka riƙa tashi ko babu wuta, suna hura ƙauri cikin ɗakuna. A cikin gunjinsu, in ka kasa kunne, mace ce ke rarrashin yaron da ba ya amsawa.

Auta ta daina cin abinci, ta daina dariya. Wata yamma uban ya tarar da ita a kan rufin, zaune a bakin katanga, ƙafafunta na lilo a iska, tafukanta baƙi ƙirin. Ya kira ta. Ta waiwayo a hankali.

"Ka san zafinta?" in ji wata murya ta tsohuwa daga bakin yarinyar.

Matarsa ta ruga ko takalmi babu, ta dawo da wani tsohon malami mai ruƙiyya, wanda ya hau matakalar yana dafa bango. Malam ya zauna kan kankaren ya fara karatu, bai gaggauta ba. Injinan suka yi tsit.

"Ke wace ce?" in ji Malam.

"Ni aljana ce. Na riga tubalin gidan nan zuwa wurin. Da suka kawo injin na sami inuwa da ruwan sanyi, na kwantar da ɗana. Mutumin nan ya zuba masa wuta, ya liƙe shi a ciki, ya sauka ya ci abinci har da gyatsa."

"Bai sani ba," in ji Malam.

"Rashin saninsa ya tashe min ɗa? Ɗa da ɗa, malam." Auta ta miƙe tsaye a kan katangar, iska na kaɗa rigarta.

"Ni na zuba!" Mai Kwalta ya yi ihu. "Ga ni, ki bar ta!"

"Yarinyar nan ba ta riƙe bokiti ba," in ji Malam a hankali. "Kin san Wanda zai tambaye ki jininta."

Aljanar ta daɗe tana huci. Can ta ce, "To, ya buɗe tsagar in ɗauki ɗana. Ba da guduma ba. Da hannun da ya zuba."

Nan take busasshiyar kwaltar ta narke, ta fara tafasa. Malam ya buɗe baki zai roƙi sassauci, amma Mai Kwalta ya riga ya durƙusa. Ya dubi 'yarsa, ya cusa hannun dama har wuyan hannu, ya yaye. Ihunsa sai da ya tsayar da masu wucewa a titi. Wata iska mai sanyi ta fito daga tsagar, ta kewaya rufin da kuka, ta yi gabas. Auta ta sulale ta faɗa jikin uwarta.

Da ta farfaɗo ta ce, "Baba, me ya sami hannunka?"

Ya ɓoye shi a bayansa. "Aiki ne, 'yata."

Hannun ya warke a dunƙule, bai sake buɗewa ba. Har ya tsufa, da zarar rana ta faɗi sai ya ɗauki zafi, Auta ta kawo kwanon ruwa ta ajiye masa, ya tsoma, su biyun su zuba ido suna kallon tururi na tashi.