Motar da Ta Ƙi Hawa Tudu

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman makwanci, lokacin da a-kori-kurar Bakanike ta cije a tudun da ke gaban gidansa. Ya taka totur, ta fizga gaba, ta yi sanyi, ta hau tari kamar tsohuwar da ruwa ya sarƙe. Da ƙyar ta kai ƙofa. Autarsa na zaune a gefensa da jakar makaranta a cinya.

Motar nan da hannunsa ya tashe ta daga tarkace, ƙusa bayan ƙusa. Kafin ya tambayi lafiyar kowa da safe, sai ya fara zagaya ta. Matarsa kan ce, "Da a ce mota tana iya shiga ɗaki, da tuni ni ce a tsakar gida." Shi kuwa bai taɓa musawa ba.

Washegari ya ɗaga bonet. Mutum ne da ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda, don in ya yi haka ba zai san wanne ne mai laifin ba. Ya kwance fulogai, ya same su fes. Ya hura filtar mai, iska ta wuce. Ya kasa kunne ga famfon mai, yana kukansa daidai. Ya canja kwayil, ya wanke kafireta. A tsaye injin na kaɗawa lumui, sai dai injin da ke tsaye ba ya faɗin gaskiya, sai an ɗora masa kaya. Ya loda buhunan siminti har bayan motar ya sunkuya, ya nufi tudun. Ta haye shi kamar ba ta ɗauki komai ba.

Da yamma ya ɗauko Auta daga makaranta, motar ta sake shaƙewa a daidai wurin.

A magaribar nan aka fara jifa. Dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, wani ya biyo, wani ya fasa randa. Matar ta ɗauki ɗaya ta yar da sauri, da zafi, kuma jiƙe da baƙin mai. Babu kowa a bayan katanga. Daga ramin da ke gindinta kuwa ana jin wani siririn kuka, irin na jaririn da ya gaji da kuka.

"Baban Auta, ka kira malam."

"Ki bar ni in gama da motar nan tukuna."

Haka ya ce, ya koma wajen motarsa.

Ya ci gaba da gwajinsa yadda ya saba, yana canja kaya ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki matarsa, mace mai jiki, motar ta haye. Ya ɗauki maƙwabta cike da baya, ta haye. Sannan ya sauke kowa ya ce Auta ta shiga ita kaɗai, yarinyar da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa. Tana zama, motar ta karkata gefenta, tayar ta kusa shafar ƙarfe. Bai ma kai rabin tudun ba injin ya mutu. Ya juyo ya dube ta. Hannayenta na naɗe a ƙirji kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa a hankali.

"Ka gano inda matsalar take?" in ji ta, da muryar da ba tata ba.

Uwar ta aika a kira malam, amma kafin ya iso Auta ta daina cin abinci, ƙarti sun kasa ɗaga ta daga tabarma. Malamin tsoho ne marar yawan magana. Ya sa aka rufe ƙofa, ya zauna daf da kanta, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Ɗakin ya yi tsit, sai warin ƙonannen mai da ke ta ƙaruwa. Can yarinyar ta banƙare, ta buɗe ido.

"Wace ce ke, me kike nema a jikin marar laifi?"

"Ɗana ma marar laifi ne. Tambayi wancan abin da yake zubawa a ramin gindin katanga."

Nan take Bakanike ya gane abin da take nufi. Baƙin mai ba ya fita duka sai injin na da zafi, kowane bakanike ya san haka. Shi ya sa yakan juye shi da ya dawo gida da yamma, yana tururi, ya sheƙa a ramin ba tare da ko bisimilla ba.

"A nan na kwantar da shi," in ji muryar. "Fatarsa a hannuna ta saɓule. Ɗa aka kashe mini, ɗa zan ɗauka."

"Bai gan ku ba," in ji malam.

"Bai duba ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin yarinyar ya hau karkarwa, muryar ta yi ta ihu tana cewa ana ƙona ta, har ta dusashe. Da ta ga ba sarari, ta ce a tsaya, za ta fita, amma ba hannu wofi ba.

"Faɗi."

"Motar. Ya zuba mata fetur, ya cinna mata wuta da hannunsa, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Ko ita, ko yarinyar."

Matar ta zabura. "Ga ashana! Baban Auta, tashi!"

Bai tashi ba. Ya dubi ƙofa, ta inda ake hango hancin motar.

"Malam," ya ce a hankali, "a tambaye ta, har da injin?"

Muryar ta fashe da dariya, dariyar da ta sa ƙura zubowa daga rufi.

"Kin ji, 'yar nan? Na buɗe miki kunne don ki ji da kyau. Malam, na fasa. Ya riƙe motarsa. Ya raba ni da nawa, ga shi ya raba kansa da tasa, ban ko sa hannu ba."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Uwarta ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ba nauyi. Malam ya naɗe buzunsa ya fita, bai yi wa maigidan sallama ba.

Jifa ta tsaya daga ranar. Auta ta warke sarai, ta yi ƙiba, ta koma makaranta, amma da ƙafa, ko ana ruwa ko ana rana. Uban ya sayo mata takalma, ta ba 'yar maƙwabta. Ya tsaya mata a hanya ya buɗe ƙofar mota, ta ratse ta wuce. Ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, abinci ma ita ke kai masa gareji. Takan ajiye kwanon a kan benci, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙo, ta ce, "Bakanike, ga abincinka."