Jikar Bature Mai Rijiya

Ranar da Ikhlas ta fara ganin Mahdi, hancinta ta toshe.

Da yamma ne, ta taso daga asibitin da take aikin ungozoma, ta tsaya a famfon tuƙa-tuƙa na bakin layinsu a Dogo Nini don ta cika wa Inna jarka. Sai ga wani dogon saurayi ya nufo ta, hannuwa a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Tun daga yatsu har kafaɗa jini ne da yauƙi da kashin shanu, ƙudaje na yi masa rakiya.

"Baiwar Allah, don Allah ɗan buga mini famfon nan."

Ta ja da baya, ta kai bakin hijabi hanci. "Subhanallahi! Malam, daga wane juji ka fito?"

"Saniyar Alhaji Yaji ce haihuwa ta zo mata a karkace, na juya mata ɗan. An samu mace, uwa da 'ya suna lafiya."

Ta buga masa famfon fuskarta a kauce. Yana wanke hannu yana satar kallon fararen kayanta.

"Ashe ma abokiyar sana'a ce. Ke ki karɓi na mutane, ni in karɓi na shanu."

"Allah ya kiyaye! Kar ka haɗa ni da kai."

Da bakin ta faɗa, amma dariya ta riga ta suɓuce mata. Idonsa ya sauka a kan katin aikin da ke rataye a wuyanta: Ikhlas Lawan Studniarek. Ta shirya jin abin da ta saba ji tun firamare, wato dariya, ko a ce wannan sunan magani ne. Shi kuwa cewa ya yi, "Yaya ake faɗinsa daidai?" Ta faɗa. Ya maimaita, ya kuskure, ya sake, har sai da ya kama. Wannan ɗan abin shi ya bi ta har gida.

Sunan na kakanta ne, mutumin ƙasar Poland da ya zo da masu haƙar burtsatse tun zamanin da Potiskum ke shan wahalar ruwa. Abokan aikinsa suka koma, shi ya zauna, ya musulunta aka sa masa Muhammadu Sani, ya auri 'yar gari, a nan kuma aka binne shi. Tsofaffi Bature Mai Rijiya suke ce masa, famfon bakin layin ma aikinsa ne. Ɗa ɗaya ya bari, Lawan. Shi ma Lawan 'ya ɗaya ya bari ya bi uban nasa. Bai bar mata gida ba, bai bar mata gona ba, sai hasken fata da wannan suna mai karya harshe.

Kafin damina ta fita, Mahdi ya zama ɗan gida a wajen Inna Hansatu. Saƙonninsa kuwa ba sa yankewa.

"Ungozomata, yau na wanke hannu da sabulu har sau biyu. Ko na cancanci a fito a gan ni?"

"Likitan shanu, ka ƙara da turare, sai mu duba lamarin."

"Sanyin idona, duk garken da na shiga yau ban ga mai idonki ba."

"Wato da shanu kake gwada ni? Ka ci bashi."

Ana cikin haka ƙanwar Mahdi ta haihu, a hannun Ikhlas kuma, bayan doguwar naƙuda. Mahaifiyarsu, Ya Gumsu, ta aiko musamman a ce mata lallai ta zo suna a gidansu da ke Hausari. Ikhlas ta ci ado ta tafi.

Gida ya cika da mata. Ya Gumsu ta tarbe ta da fara'a, ta ɗebo ruwan randa a wani kofin silba mai zanen fure ta miƙa mata. Ikhlas ta sha, ta ajiye. Sai wata dattijuwa mai haƙorin makka ta taso daga kan darduma, Gwaggo Yagana ke nan, yayar mahaifin Mahdi, wadda ba a ɗaura aure a danginsu sai ta sa baki. Ta ɗauki kofin da yatsu biyu kamar ta ɗauki mushen ɓera, ta yatsine fuska, ta miƙa wa mai wanke-wanke.

"A dirje shi da ƙasa. Jinin masu cin alade ba ya fita da musuluntar rana ɗaya."

Ikhlas na zaune tana kallo aka dirje kofin, aka ɗauraye da ruwan jarkar 'yan garuwa. Ta san jarkunan sarai, kullum a gabanta ake cika su a famfon kakanta. An ci moriyar ganga ke nan an ya da kwaurenta. Jaririyar da ake biki dominta kuwa, hannun nan da ake ƙyama shi ya fara taɓa ta a duniya. Ba ta yi kuka ba, ta yi sallama ta fita.

Bayan kwana biyu Mahdi ya zo, fuskarsa ba walwala.

"Baba ya ce ba zai hana ni ke ba. Amma Gwaggo ta cika masa kunne da zancen asali. Wai sharaɗi ɗaya ne, kar sunan nan ya fito a kati, kar kuma a ambace shi wajen ɗaurin aure. A ce Ikhlas Lawan kawai."

"Kai me ka ce?"

"Na ce zan tambaye ki."

"Sai ka tambaye ni?" Ta dube shi ido cikin ido. "Mahdi, 'ya'yan da zan haifa sunanka za su ɗauka. Daga kaina sunan nan ya ƙare a garin nan. Sau ɗaya tak ya rage a kira shi a gaban jama'a, shi ne kuke so in ɓoye kamar cikin shege? Wallahi in sai na binne ubana sau biyu zan shiga gidanku, na haƙura."

Mahdi ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. "Ki yafe mini, Ungozomata. Asali suke nema ko? Zan kawo musu."

Sati bai cika ba saƙo ya shigo, dogo.

"Sanyin idona, na yi ta bincike a waya. Sunanku daga kalmar rijiya ya fito a harshensu, wato kakannin kakanki ma masu haƙar rijiya ne, gado ya zo ya yi mana a nan. Masu sunan a ƙasar tasu gaba ɗaya ba za su cika bas biyu ba, yawancinsu tsofaffi ne, a wasu ƙauyuka na kusa da juna. A wannan nahiyar kuwa ban ga kowa ba sai ke. Mu masu suna irin su Kyari da Babagana a kowane lungu, mu ne za mu yi miki gorin asali? Gobe zan karanta wa Baba."

Ta karanta ta sake karantawa, ta karanta wa Inna, su biyu suka yi ta share hawaye.

Abin da Mahdi bai lura da shi ba, lokacin da yake karanta wa mahaifinsa Mallam Kyari, Babagana na zaune a gefe yana kasa kunne. Ɗan Gwaggo Yagana ne, ya shekara da shekaru yana neman hanyar ƙetare, dillalan biza sun cinye masa fili da babur. Duk bayanin rijiya da ƙauyuka ya wuce ta bayan kunnensa. Kalma ɗaya ya tsinta, Poland. Kafin la'asar ya gama kitsa wa uwarsa cewa jikar Bature fasfo ce mai tafiya da ƙafa, duk wanda ya aure ta ya shiga Turai.

Ranar Juma'a sai ga Gwaggo Yagana a Dogo Nini, da kwanon sinasir da ledar turaren wuta, Babagana na bin ta a baya cikin shadda mai maiƙo. Tun daga zaure take washe haƙorin makka.

"Ina 'yar tawa, farar mace alkyabbar mata? Zo nan kusa da ni. Kai, wannan suna naku akwai daɗin faɗi! Kawo mini ruwa in sha, a kofinki nake so."

Ta kamo hannun Ikhlas tana shafawa. A wajen aikinta Ikhlas ta taɓa jini, ta taɓa mabiyiya, ta taɓa abin da ba ya faɗuwa, amma ba ta taɓa jin ƙyanƙyami irin na wannan tafin hannu mai laushi ba. Ƙyamar ranar suna ma ta fi mata wannan son sauƙi.

"Mahdi yaro ne," in ji Gwaggo, "kullum cikin kashin shanu. Ga yayansa nan, ɗan gayu. Ni ko a bangon gida ma a rubuta sunan, ban damu ba."

Babagana ya gyara hula. "Ƙanwata, kar ki ga laifina ni kaɗai. Shi ma Mahdin ai ya fi mu sanin abin da yake nema. Wa ya fara binciko ƙasar?"

Maganar ta soke ta. Ta tuna ranar famfo, yadda idonsa ya tsaya a kan katin, yadda ya nace sai ya iya faɗin sunan. Ashe ita ya gani ko sunan? Ta zare hannunta a hankali.

"Gwaggo, ai kun makara. Takardun kakana duk a akwati ɗaya suke, gara ta cinye su tun Babana na da rai. Ko hoton fasfonsa babu. Can ɗin ma ba wanda ya san da zamanmu."

Inna ta gyaɗa kai, don gaskiya ce.

Murmushin Gwaggo ya bushe a fuskarta. Ta dubi hannunta, ta goge shi a gefen zani, a gabansu, ba kunya ba tsoron Allah. Ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Babagana ya riga ta kaiwa zaure. Ta kai bakin ƙofa ta dawo ta ɗauki ledar turarenta.

Ikhlas ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauki waya.

"Malam Mahdi, don kar ka ɓata lokacinka: babu takarda, babu fasfo, gara ta cinye. Ka huta da bincike."

Ta kife wayar, ta ce a ranta shi ma yanzu zai tuna da tukunyarsa. Ko minti biyu ba a yi ba wayar ta yi ƙara.

"Allah ya yi wa garar nan albarka, ya ƙara mata haƙora. Tun da Babagana ya fara haukansa nake fargabar za a ɗauke mini ke a kai ki ƙasar da ko saniyar Alhaji Yaji ba ta san hanya ba. Ki fito, ina bakin famfo. Ban wanke hannu ba, kuma ba mai buga mini."

Ta yi dariya da hawaye a haɗe. Ta leƙa, ga shi nan kuwa, hannuwa a sama.

"Ka tabbata ba Turai kake so ba?" ta ce tana buga famfon.

"Turai ta zo da kanta ta haƙa mini rijiya, ta bar mini mata. Me kuma zan je nema?"

Zancen duniya ba ya ɓuya. Labarin sinasir da goge hannu ya riga Gwaggo isa Hausari. Mallam Kyari ya saurara har ƙarshe, ya yi tsaki, ya ce tir. A ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi ƙyamar yarinya ranar suna, ta lashe ta ranar Juma'a, ta sake tofar da ita kafin magariba? Ya kira Mahdi.

"Ina saurayi na ga Baturen nan cikin taɓo har gwiwa, ranar da ruwa ya fito muka yi ta kabbara tare da shi. Da ruwansa nake alwala har yau, amma na bari aka mantar da ni. Zauna ka koya mini sunan nan, ba na son in kuskure a gaban mutane."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a masallacin Dogo Nini. Limamin unguwa ya yi wa amarya walicci. Da aka zo neman aure, Mallam Kyari da bakinsa ya ce yana nema wa ɗansa Mahdi auren Ikhlas, 'yar Lawan, ɗan Muhammadu Sani Studniarek, Bature Mai Rijiya. Lasifika ta kai muryar har tsakar gidan Inna. Ikhlas na cikin lulluɓi ta ji sunan ya fito daidai, ba a tauye masa ko gaɓa ɗaya ba, ta kifa kai a cinyar Inna ta yi kukan da ta riƙe tun ranar suna.

Da aka kai ta gaida iyayen miji, mata sun cika tsakar gida, Gwaggo Yagana na kan dardumarta ta ɗaure fuska. Ya Gumsu ta shiga ɗaki ta fito da kofin silba mai zanen fure, ta ɗebo ruwan randa ta miƙa wa amarya. Ikhlas ta gane shi, ta kurɓa. Ya Gumsu ta karɓa, ta juya shi daidai inda bakin amarya ya taɓa, ta shanye sauran tas.

"Ran nan na yi shiru, 'yata, ki yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai shayar da mutane kamar kakanki."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi. A ƙarƙashin mayafi wayar amarya ta yi motsi.

"Uwargida Studniarek, na wanke hannu, na sa turare. Ko yanzu na cancanta?"

"Ka cancanta tun ranar da ba ka wanke ba, likitan shanuna."